Kumbon Da Ke Kewaya Inda Babu Kome

A ranar 24 ga watan Janairu na 2022 ne injiniyoyin NASA, watau hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka aika wa kumbon James Webb da umurnin ya kunna ƙananan rokokinsa na kusan minti biyar. Turin da ya samu daga wannan kunnawa bai ƙara masa gudun da ya kai mita biyu a sakan ɗaya ba, amma shi ne ya ɗora shi bisa hanyar da yake bi har yau, bayan tafiyar wata guda daga tashar Kourou da ke Giyana ta Faransa, a Amurka ta Kudu.

Wurin da kumbon ya nufa yana da nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga Duniya, watau kimanin ninki huɗu na nisan Wata, ta ɓangaren da ya ba Rana baya. Abin mamaki shi ne babu kome a wurin. Babu tauraro, babu dutse, babu wata alama da ido zai gani. Duk da haka, kumbon da aka kashe wa kuɗi kimanin dala biliyan goma, mai ɗauke da madubin hangen nesa mafi girma da aka taɓa harbawa sama, wannan fili yake kewayawa, sau ɗaya a cikin kowane wata shida. To, me ke riƙe da shi a can, kuma me ke neman ture shi?

Asalin lissafin

Tun a 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan ƙa'ida aka warware tafiyar abubuwa biyu masu jan juna, kamar Rana da Duniya. Amma da zarar an shigo da na uku sai lissafi ya dagule, har yau kuwa babu wata dabara guda ɗaya mai sauƙi da ke warware shi ta kowace fuska.

Masana biyu ne suka fara gano 'yan ƙofofi a cikin wannan matsala. Leonhard Euler, mutumin Suwizalan, ya nuna a shekarun 1760 cewa akwai gurabe uku bisa miƙaƙƙen layin da ya ratsa manyan abubuwan biyu, inda ƙaramin abu na uku zai iya tafiya tare da su ba tare da jerin ya wargaje ba. A 1772 kuma Joseph Lagrange, haifaffen birnin Turin na Italiya, ya gano wasu gurabe biyu a gefe. Sunansa ne ya bi dukkan biyar ɗin, ana kiran su L1 zuwa L5.

Idan aka ɗauki Rana da Duniya, gurbin L1 yana tsakaninsu, kilomita miliyan ɗaya da rabi daga Duniya. L2 yana bayan Duniya da nisa kamar haka. L3 yana can bayan Rana. L4 da L5 kuwa suna bisa hanyar Duniya ita kanta, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, kowanne ya yi tazarar kashi ɗaya cikin shida na dukan zagayen. Shekara fiye da ɗari wannan magana tana kan takarda kawai, sai a 1906 Max Wolf na Jamus ya hango wani dutsen sararin samaniya, wanda aka sa wa suna Achilles, yana tafiya a irin wannan gurbi a gaban Mushtari. Yanzu an san dubbai irinsa.

Abin da ake nufi da daidaito

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a waɗannan gurabe jan Rana da jan Duniya ne suke yin kunnen doki, kowanne ya kashe ɗan'uwansa. Wannan kuskure ne. Wurin da jan nasu ya zo ɗaya yana kusa ƙwarai, kimanin kilomita 260,000 daga Duniya, bai ma kai nisan Wata ba, kuma abin da aka ajiye a can ba zai zauna ba. A gurbin L2 ma, Rana da Duniya gefe guda suke, saboda haka wuri ɗaya suke jan kumbo, ba su da halin kashe juna.

Domin a gane abin da ke faruwa, sai a tuna da majajjawa. Yaro mai tsaron gona yana juya dutse a cikin majajjawa, igiya tana jan dutsen zuwa hannunsa, shi kuwa dutsen ba ya zuwa hannun, kewayawa yake yi. Idan yana so ya juya shi da sauri, ko kuwa igiyar ta ƙara tsawo amma yana son zagayen ya kammala a lokaci ɗaya, dole ya ƙara ƙarfin riƙo. Haka Duniya take a hannun Rana. Tana nesa da ita kimanin kilomita miliyan 150, tana gudun kusan kilomita 30 a sakan ɗaya, jan Rana kuma ya isa daidai ya lanƙwasa tafiyarta ta kammala zagaye a shekara guda.

To, kumbon da ke bayan Duniya ya fi ta nisa da Rana, saboda haka jan da Rana ke yi masa ya ɗan ragu, ga shi kuma zagayensa ya fi tsawo. Da babu Duniya, shekararsa sai ta fi ta Duniya da kwana biyar da 'yan kai, a bar shi a baya. Amma Duniya tana gabansa, tana ƙara nata jan bisa na Rana. A gurbin L2 ne wannan ƙari ya cike giɓin daidai wa daida, har kumbon ya riƙa kammala zagayen Rana a shekara guda, kafaɗa da kafaɗa da Duniya. A L1 kuwa akasin haka ne: jan Rana ya yi yawa, Duniya tana ja ta baya tana rage shi.

Ƙarfin da ake magana a kansa ba shi da yawa. Kumbo mai nauyin tan shida, kamar James Webb, idan yana L2, jan da Rana ke yi masa bai wuce abin da hannun mutum ke ji ba idan ya ɗauki kilo uku da rabi. Na Duniya kuwa kamar giram 100 ne kacal. Watau Rana ta fi Duniya ƙarfi a wurin fiye da sau talatin, amma wannan ɗan giram 100 shi ne ke sa kumbon ba ya rabuwa da Duniya.

Gurbi mai kama da sirdi

Masu lissafin tafiyar kumbo sukan duba al'amarin kamar suna zaune a Duniya suna juyawa tare da ita. Ga mai kallo ta haka, Rana da Duniya tsaye suke, amma sai wasu ƙarfi biyu su bayyana waɗanda ba wani tauraro ne ke yin su ba, juyawar ce ke haifar da su. Na farko shi ne irin wanda fasinja ke ji sa'ad da mota ta sha kwana, ya ji kamar ana wurga shi waje. Shi ne ke tura kumbo nesa da Rana, shi ne kuma ke yin kunnen doki da jan Rana da na Duniya a haɗe. Na biyu yana aiki ne kan abin da ke motsi kaɗai, yana karkatar da shi gefe. Gaspard Coriolis na Faransa ya yi bayaninsa a 1835, shi ne kuma ke sa manyan guguwowin teku suna murɗawa.

Idan aka haɗa waɗannan duka, sai a ga gurbin L1 da na L2 sun yi kama da sirdin doki. Ƙwallon da aka ɗora a tsakiyar sirdi, in ya gangara gaba ko baya zai dawo, domin sirdin ya tashi ta nan. In kuwa ya zame dama ko hagu, sai ƙasa. Haka nan kumbo: idan ya kauce sama ko ƙasa da shimfiɗar da Duniya ke tafiya a kai, ko ya kauce gefe, jan Rana da na Duniya za su dawo da shi. Amma idan ya matsa kusa da Duniya, janta zai ƙaru ya ƙara jawo shi. Idan ya matsa waje, jan zai ragu ya ƙara sakinsa. Kowane ɗan kuskure yana haifar da wanda ya fi shi.

Lissafi ya nuna cewa irin wannan kauciya tana ninkawa kusan sau uku a cikin kowane kwana 23. Kumbon da ya kauce da kilomita ɗaya yau, idan aka ƙyale shi, bayan wata shida kauciyar za ta haura kilomita dubu biyu, daga nan kuma sai ya faɗo wajen Duniya ko ya ɓace a zagayen Rana. Gurbin L4 da na L5 ba su da wannan aibi, domin a can ƙarfin Coriolis yana lanƙwaso abin da ya fara zamewa ya riƙa kewaya gurbin. Dalili ke nan da ya sa duwatsu ke taruwa a irinsu, alhali L1 da L2 ba su tara kome.

Dalilin kewayawa

Ba a ajiye kumbo a tsakiyar gurbin. Dalili na farko shi ne inuwa. Wanda ke tsaye daidai L2 zai ga Duniya ta rufe mafi yawan fuskar Rana, kamar husufin da ba ya yayewa, alhali kumbon da hasken rana yake samun wutar lantarki. A L1 kuwa matsalar ta magana ce: tashar da ke ƙasa idan ta fuskanci kumbon, Rana ce za ta fuskanta kai tsaye, hayaniyar Rana kuwa za ta danne 'yar muryar kumbon.

Robert Farquhar, wani injiniya Ba'amurke, shi ne ya yi fice wajen neman mafita tun a shekarun 1960. Tun da kumbon da ya kauce sama yana dawowa, sai ya riƙa lilo sama da ƙasa. Tun da wanda ya kauce gefe shi ma yana dawowa, ƙarfin Coriolis kuma yana lanƙwasa tafiyarsa, sai ya riƙa zagaye a shimfiɗe. Idan aka faɗaɗa tafiyar har tsawon lokacin lilon ya zo ɗaya da na zagayen, sai su haɗu su zama zobe guda rufaffe, wanda mai kallo daga Duniya zai gan shi kamar zoben hasken nan da kan kewaye wata a daren hazo.

Kumbon ISEE-3, wanda aka harba ranar 12 ga Agusta 1978, shi ne ya fara bin irin wannan zobe, a gurbin L1, a watan Nuwamba na shekarar. Zoben James Webb kuwa babba ne ƙwarai, domin wani lokaci yakan yi nisan da ya haura kilomita 800,000 daga gurbin L2, watau ya fi hanyar da Wata ke bi faɗi. An zana shi ta yadda inuwar Duniya ko ta Wata ba za ta taɓa faɗa masa ba.

Ƙananan masu ture shi

Da a ce Rana da Duniya ne kaɗai a sararin samaniya, kuma hanyar Duniya da'ira ce cikakkiya, da aikin ya zo da sauƙi. To, hanyar Duniya ta ɗan yi tsawo ta gefe guda: a watan Janairu nisanta da Rana kimanin kilomita miliyan 147 ne, a Yuli kuma miliyan 152. Saboda haka gurbin kansa yana matsowa yana ja da baya a cikin shekara. Ga Wata, wanda nauyinsa kashi ɗaya ne cikin 81 na Duniya, yana kewayawa yana jan kumbon yau ta nan gobe ta can. Mushtari da Zuhura, wadda Hausawa ke kira Zara, su ma suna da ɗan nasu jan.

Amma wanda ya fi ba injiniyoyin James Webb aiki shi ne hasken rana kansa. Haske yana tura duk abin da ya faɗa wa, ko da yake turin ya yi ƙanƙanta da mutum ya ji shi. Kumbon kuwa yana da wata laima mai ruɓi biyar, tsawonta kimanin mita 21, faɗinta mita 14, wadda ke kāre madubinsa daga zafi. Dole madubin ya zauna cikin sanyin da ya kai awo 230 ƙasa da na daskarewar ruwa, domin aikinsa shi ne kama hasken zafi, wanda ido ba ya gani, daga taurari masu nisan gaske. Turin da haske ke yi wa wannan laima bai fi nauyin 'yan ƙwayoyin dawa ba. Sai dai ba ya tsayawa dare da rana, kuma babu iska ko ƙasa da za ta tare shi, don haka a kwana ɗaya yana iya gusar da kumbon ɗaruruwan mita daga inda zai kasance in babu shi. Da yayyafi kogi kan cika.

Har ila yau, turin yana canjawa duk sa'ad da aka karkata kumbon don ya dubi wani tauraro, kuma ba ya faɗawa daidai tsakiyar nauyinsa, saboda haka yana neman murɗa shi. Akwai faya-fayai shida masu nauyi a cikinsa, waɗanda ke ƙara gudun juyawa don su shanye wannan murɗa. Idan gudunsu ya yi yawa, sai an kunna roka kafin a rage shi, kowace kunnawa kuwa tana ɗan gusar da kumbon daga hanya.

Mai shi ne tsawon rai

Yarinya mai ɗauke da tulu a ka ba tare da ta riƙe ba, mai kallo yana ganin tulun a tsaye, alhali wuyanta bai daina gyara ba. Haka zaman kumbo yake a L2. An tsara a riƙa gyara hanyar James Webb kimanin kowane mako uku, wani lokaci a tsallake in babu bukata. Gyaran shekara guda duka bai wuce canjin gudun 'yan mitoci a sakan ɗaya ba, muddin an yi shi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai wani sharaɗi mai tsanani a kan wannan kumbo. Rokokinsa suna ɓangaren da ke fuskantar Rana, don haka waje kawai suke iya tura shi. Ba shi da halin juyawa ya taka birki, domin in ya juya Rana za ta haska madubinsa da na'urorinsa ta lalata su. Saboda haka kullum ana barinsa ta gefen Duniya na tudun, yana neman gangarowa gida ana tura shi sama, kamar mai tura amalanke a hawa wanda ya san in ta haye ƙoli ba shi da igiyar da zai jawo ta. Tun daga harbawa aka kiyaye wannan. Da gangan aka sa rokar Ariane 5, wadda ta ɗaga shi ranar 25 ga Disamba 2021, ta ba shi gudun da ya ɗan gaza, shi kuma ya cike sauran da kansa a matakai uku. Harbawar ta yi daidai ƙwarai, har man da ya rage aka ƙiyasta zai kai shekara ashirin, maimakon goma da aka yi fata.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin babu mai zuwa can ya ƙara masa mai. Madubin Hubble, wanda ke kewaya Duniya a nisan kimanin kilomita ɗari biyar, 'yan sama jannati sun je sun gyara shi sau biyar tsakanin 1993 da 2009. James Webb ya fi shi nisa kusan sau dubu uku.

Ranar da aka rasa SOHO

Abin da ya sami kumbon SOHO ya nuna irin haɗarin da ke cikin wannan zama. Hukumar sararin samaniya ta Turai da NASA suka harba shi ranar 2 ga Disamba 1995 don ya riƙa duban Rana daga L1. A ranar 25 ga Yuni 1998, sakamakon jerin kurakurai a umurnin da aka aika masa, ya juya ya daina fuskantar Rana, wutarsa ta ɗauke, muryarsa ta ɓace, mansa ya daskare. Kowane mako da ya wuce ba gyara, kauciyarsa ƙaruwa take yi.

A ranar 23 ga Yuli aka yi amfani da babban faifan rediyo na Arecibo da ke tsibirin Puerto Rico aka gano yana nan kusa da hanyarsa, yana wulwulawa a hankali. Tafiyar da yake yi a kewayen Rana ta riƙa karkato allunan wutarsa wajen haske kaɗan-kaɗan, har ranar 3 ga Agusta aka ji amsarsa. Injiniyoyi suka yi ta lallaɓa 'yar wutar da ta samu suna narkar da man, ranar 16 ga Satumba kuma suka mayar da fuskarsa ga Rana. Kumbon da aka yi wa tsarin aikin shekara biyu, ya zuwa watan Maris na 2024 an gano taurari masu wutsiya 5,000 a cikin hotunansa.

Amfanin da ake samu

Wahalar tana da riba. Daga L1 ana ganin Rana ba tare da dare ba, kuma iskar da Rana ke fesowa tana wucewa ta can kafin ta iso Duniya, don haka kumbunan da ke wurin suna ba da gargaɗin minti 15 zuwa awa ɗaya. Muhimmancin wannan ya bayyana tun ranar 13 ga Maris 1989, sa'ad da wata guguwar Rana ta kashe wutar lantarki a lardin Quebec na Kanada har awa tara. Indiya ma ta kai kumbonta Aditya-L1 wurin a watan Janairu na 2024. Daga L2 kuwa, Rana da Duniya da Wata duk suna gefe guda, laima ɗaya ta isa ta tare su. Ƙasar Sin ta yi amfani da irin wannan gurbi da ke bayan Wata, inda ta ajiye kumbon Queqiao a 2018 don ya riƙa isar da saƙo tsakanin Duniya da Chang'e 4, wanda ya sauka a bayan Wata ranar 3 ga Janairu 2019.

Santsin gurbin ma yana da nasa amfani. Tun da turi kaɗan ya isa ya fitar da kumbo daga wurin, Farquhar da abokan aikinsa suka zame da ISEE-3 daga L1 a 1982, suka bi da shi ta kusa da Wata sau da dama, har ranar 11 ga Satumba 1985 ya ratsa wutsiyar tauraron Giacobini-Zinner, ya zama kumbo na farko da ya ziyarci tauraro mai wutsiya. Haka kuma idan kumbo ya gama aiki, sai a yi amfani da ragowar mansa a tura shi waje, kamar yadda aka yi wa Gaia na Turai ranar 27 ga Maris 2025, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana auna taurari daga L2. Irin wannan rana tana jiran James Webb shi ma. Kafin ta zo, masu lura da shi za su ci gaba da auna nisansa da gudunsa, suna lissafa turin haske da jan Wata, suna kunna roka na ɗan lokaci duk bayan 'yan makonni.